Amsa ga mai shirin zuwa Gwanzo karon farko

Wani ƙanena mai shagon yadi a Kantin Kwari ya rubuto mini cewa bizarsa ta fito, wata mai kamawa zai tafi Guangzhou ta ƙasar Chaina, kuma ban da Umra bai taɓa barin ƙasa ba. Ya ce: "Alhaji, kai da ka daɗe kana zuwa, yaya garin yake a idon baƙo? Wasu sun ce mini aljannar ɗan kasuwa ce, wasu sun ce wahala ce zalla."

To, ƙanena, Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka je a sa'a. Da wanda ya ce maka aljanna da wanda ya ce wahala, kowa unguwar da ya kwana da cinikin da ya yi yake ba ka labari. Ni zan gaya maka abin da idona ya gani a Gwanzo, kamar yadda muke kiran garin a kasuwa, sauran kuma ƙafarka za ta koya maka.

Gajiyar farko ta agogo ce. Ko ta Adis Ababa ka bi, ko ta Alƙahira, ko ta Doha, tafiyar za ta ci maka kusan yini da kwana. Daga Adis kaɗai sama da awa 10 ne a sama. Sannan Chaina tana gabanmu da awa 7. Lokacin da shaguna ke buɗewa da ƙarfe 9 na safe, ƙarfe 2 na dare ne a Kano, jikinka kuma bai san an canza ƙasa ba. Kwana biyun farko za ka riƙa gyangyaɗi ana tsakiyar ciniki, da dare kuma ido ƙyar kamar mai gadi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka biyan kuɗin kaya a ranakun nan, amma akwai dalilin da ya fi shi, zan zo kansa.

Da ka fito daga filin jirgin Baiyun, iska ce za ta fara gaishe ka. Ba zafinmu ba ne mai ƙona fata ya bar riga a bushe. Zafi ne mai danshi, irin na Legas, daga Mayu har Satumba gumi ba ya bushewa. Wajen watan Maris kuma akwai wasu kwanaki da bango da madubi da tayil ɗin ƙasa suke zufa da kansu, ka wanke singileti ka shanya kwana biyu ka same ta yadda ka bar ta. Babbar riga mai sitati ka ajiye ta don Juma'a.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zuwana na farko ba dogayen benaye ba ne, don waɗannan kowa ya gani a waya. Shiru ne. Garin da ƙidayar 2020 ta ce yana da mutum sama da miliyan 18, amma ka tsaya a bakin babban titi ba za ka ji rabin hayaniyar da ke Bata ko Kofar Wambai ba. An hana baburan fetur a cikin gari tun 2007, motocin bas sun koma na lantarki, ba kwandasta mai kiran unguwa, ba mai a-daidaita da ke danna hon don ya gaisa da abokinsa. Amma shirun nan yana da haɗarinsa. Ƙananan baburan lantarki sun cika ko'ina, har kan dakalin masu tafiya a ƙasa, kuma ba sa yin ƙara ko kaɗan. Mu da kunne muka saba tsallaka titi. Rannan a wani lungu ina tafe ina duba waya, sai iskar wani yaro mai kai abinci na ji ta kaɗa mini gefen riga, kafin in ce "Subhanallahi" ya sha kwana. Tun daga nan na koyi waiwaye kamar marar gaskiya.

Cunkoson yana ƙarƙashin ƙasa. Jirgin ƙasan cikin gari, wanda aka fara buɗewa a 1997, shi ne jijiyar garin, kuma ina ba ka shawara ka saba da shi tun ranar farko maimakon tasi. Kuɗinsa daga yuwan 2 yake farawa. A kowace ƙofa sai ka ɗora jakarka a na'urar bincike kamar a filin jirgi. Sunayen tashoshi an rubuta su da haruffan boko a ƙarƙashin nasu, sanarwa kuma da harshe uku ake yi: Mandarin na hukuma, da Kantonis na 'yan gari, da Turanci. In kana son ganin abin da ake kira jama'a, je tashar Tiyu Xilu a layi na 3 da misalin ƙarfe 6 na yamma. Kai da ka yi ɗawafi a cikin Ramadan ka san irin matsin da ƙafarka ba ita ke yanke shawarar inda za ka ba. Haka yake, sai dai babu mai magana. Mutum ɗari a tarago ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa kansa a sunkuye kan waya. Jirgi ya tafi da wasu, kafin ka gama gyara hula wani ya iso. Na taɓa yin sallama da na shiga, don sabo. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai.

Wayar nan da suke sunkuye a kanta, ita ce aljihunsu, ita ce ofishinsu. Da WeChat ko Alipay ake biyan komai, har tsohuwar da ke sayar da lemo a bakin gada tana da ɗan kwali mai lambar nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da kyamara. Kuɗin takarda yana aiki, amma miƙa wa mai shago yuwan 100 ka ga yadda zai shiga neman canji a maƙwabta. WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a layukan ƙasar, saboda haka duk wata manhajar da za ta buɗe maka su, tun daga gida za ka sauke ta, in ka shiga ba za ka iya ba. Ka buɗe WeChat tun kana Kano, ka buɗe wa iyalinka da yaron shagonka. Yana fassara saƙo, kuma da shi za ka ci gaba da magana da masu kaya bayan ka dawo. Kalmomin baka kaɗan sun ishe ka: lawban shi ne maigida ko mai shago, tai gwei la wato ya yi tsada, mei yo wato babu. Kuɗinsu kuma a bakin kasuwa kwai suke ce masa, kamar ƙwan kaza, kada ka yi dariya. Sauran cinikin kalkuleta ce ke yin sa: ya buga lamba ya juyo maka, ka goge ka buga taka.

Kusan kowane baƙo daga wajenmu a Xiaobei yake fara sauka, ana furta shi kamar Shawbei, a layi na 5. Nan ne dogon ginin Tianxiu mai shaguna da ofisoshin masu aika kaya, da lungunan Dengfeng a bayansa. Ka tsaya a kan gadar masu ƙafa da yamma, za ka ji Faransanci da Larabci da Bambara da Fulatanci, kuma ba za ka daɗe ba za ka ji wani yana cewa "kai, wallahi ban saya ba" da Hausar Maraɗi ko ta Zangon Kumasi. 'Yan'uwanmu Ibo sun fi yawa a can Sanyuanli, arewa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A Xiaobei za ka sami tuwo, ka sami shinkafa da miya, ka sami mai aski da ya san gashinka. Unguwar ta rage cika a kan yadda na san ta shekarun baya. Tsananta biza da binciken 'yan sanda da kuma korona sun kwashe mutane da yawa. Amma har yanzu ita ce zangon.

To, a nan ne nake so ka buɗe kunne. Xiaobei tasha ce, kuma farashin tasha na baƙo ne. Yawancin shagunan da za ka gani a can ba su da masaƙa, ba su da masana'anta; samfur suka rataya, in ka yi oda su buga waya inda ake yi, su ɗora nasu. Ba laifi ba ne, haka muke yi wa mutumin da ya zo Kwari daga Diffa ko Injamena ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ciki ba. Mutane da yawa sun yi shekara biyar suna zuwa Gwanzo, amma tsakanin otal da gini uku suke yawo, su dawo su ce sun san Chaina. Ka ba kanka kwana uku cur ba ka sayi komai ba. Ka sa takalmi mai taushi, ka ɗauki littafi da biro, ka karɓi katin kowane shago ka rubuta farashi a bayansa.

Garin a tsare yake kamar yadda tsohuwar Kasuwar Kurmi take, 'yan kaza a nan, 'yan kaza a can, sai dai abin da yake layi a wurinmu a can unguwa ce sukutum. Tufafi a kewayen tsohuwar tashar jirgi, inda kasuwar Baima take. Jakunkuna da kayan fata wajen Sanyuanli. Kayan wasan yara da tarkacen ado a titin Yide. Tayil da kayan banɗaki a Foshan, maƙwabcin gari da jirgin ƙasan cikin gari yake kaiwa, kujeru da gadaje kuma a Lecong. Kayan waya a Huaqiangbei ta Shenzhen, kusan rabin awa a jirgi mai gudu daga tashar kudu.

Kai naka yadi ne, don haka Zhongda ce taka, a kudancin Kogin Lu'ulu'u da ya ratsa garin, kusa da Jami'ar Sun Yat-sen. Ba kasuwa ɗaya ba ce, gine-gine ne masu hawa-hawa da suka haɗe da juna, wani na leshi, wani na auduga, wani na maɓalli da zif da zare kawai. Masu shago ba sa ajiye dila a gabansu. Kati suke miƙo maka da 'yan yankan yadi a manne, kowane launi da lambarsa, kyauta, kayan kuma suna sito. A tsakanin gine-ginen, masu keken kaya ne ke ratsa mutane da naɗin yadi da ya fi keken tsawo, suna ihu a kauce. A nan kam shirun da na gaya maka ya ƙare.

Bayan Zhongda akwai unguwar Kangle, kuma ita ce wurin da na fi tunawa a duk garin. Gidaje ne masu hawa biyar zuwa shida da aka cusa su har mutanen wannan taga za su iya musabaha da na waccan, su ma da haka suke kiran su, gidajen musabaha. Rana ba ta sauka ƙasa, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama, ruwan na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga maka a wuya. Ko'ina ƙarar keken ɗinki. Da safe na ga masu ƙananan shagunan ɗinki sun jeru a bakin titi, kowa riƙe da riga ko wando da ɗan kwali mai rubutu, teloli na wucewa suna juya rigar, suna duba ɗinkin wuya da aljihu, suna tambayar nawa ake biya kan kowace ɗaya. In an daidaita su bi shi, a kwana ana ɗinki. Yadin da aka saya a Zhongda yau, gobe ya zama riga a shago. Na tsaya ina tuna telolin Fagge da dare ashirin da tara ga azumi, sai dai a nan kullum jajibirin Sallah ne. Hukuma ta riga ta fara rushe unguwar don ta sake gina ta, don haka in ka samu sarari ka leƙa. Kuma ka sani, ko Zhongda ba ita ce ƙarshen hanya ba: yadi mai yawa daga Keqiao ta lardin Zhejiang yake zuwa, kamar yadda ƙananan kaya suke a Yiwu. Wannan sai tafiya ta biyu ko ta uku.

Batun ciniki, akwai abu ɗaya da ya bambanta da namu. Mu in mai saye ya matsa, ko mu sallama ko mu ce albarka. Shi Basine, wato mutumin Chaina, ba ya son ce maka a'a. Ka taya ƙasa da abin da zai fitar da shi, sai ya yi shiru, ya buga kalkuleta, ya ce to. Kai kana murna ka yi nasara, shi kuwa ya riga ya rage nauyin yadin, ko ya canza zaren, ko rinin. Kaya iri ɗaya a ido yana da daraja uku ko huɗu, kuma kuɗinka ne ke zaɓar wadda za a yi maka. Kayan da ake zagi a kasuwanninmu ana cewa "ɗan Chaina ne", sau da yawa mu muka je muka ce a yi mana shi a haka.

Ni kaina na sha. A farkon zuwana na yi odar yadi ta hannun wani dillali, muka yi magana da baki a kan dubu kaza, na biya kashi 30 cikin ɗari na kafin alƙalami kamar yadda aka saba. Ni mita nake nufi, su yadi suka auna, yadi kuwa santimita 91 ne da 'yan kai. A kowane dubu na yi asarar mita 86 ke nan, kuma babu takardar da zan nuna, don ba a rubuta ba. Sai da kaya suka iso Kano muka gane. Tun daga nan ba na biyan ko sisi sai an rubuta awo, da faɗi, da nauyin giram a kowace murabba'in mita, da lambar launi, da ranar gamawa, a buga hatimin kamfani mai jan tawada, sannan a yanka samfur biyu mu sa hannu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Kafin cikon kuɗi kuma ni da kaina nake zuwa sito, in ce a buɗe dilar da na nuna, ba wadda aka ajiye a gaba ba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba in ka haddace alama ɗaya. Ka sa a nuna maka yadda ake rubuta chingjan da haruffansu, wato halal, ka ɗauki hotonsa. Yawanci a kan koren allo yake. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yamma suna kusan kowace unguwa, za ka ga yaro da farar hula yana jan ƙullun fulawa da hannu har ya zama zare, a zuba maka romon naman sa. Uigur kuma, wata ƙabilar Musulmin yammacin Chaina, suna da gurasa da tsiren rago mai yaji da zai tuna maka da gida. A sauran gidajen abinci ka yi hattara, mutanen Kanton, wato 'yan Gwanzo da kewaye, suna sa naman alade da kitsensa har a abin da ka ɗauka ganye ne ko burodi. Ruwan zafi za a ba ka ko da kana zufa, haka suke sha.

Salla kuma, abin da zai fara rikita ka shi ne alƙibla: yamma za ka fuskanta, ka ɗan karkata arewa. Mutumin da ya tashi yana cewa "ya dubi gabas" sai ya yi kwana biyu zuciyarsa ba ta yarda ba. Ba za ka ji kiran salla a lasifika ba, wayarka ce ladaninka. Amma Musulunci ba baƙo ba ne a garin. Larabawa da Farisawa sun yi fatauci a nan ta teku fiye da shekara dubu da suka wuce, suna kiran garin Khanfu. Masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya fara mai tsawon mita 36, yana cikin mafi daɗewa a duk Chaina. Juma'a ta fi cika a masallacin Xianxian kusa da lambun Yuexiu, inda za ka ga sahu ɗaya da Basine da Balarabe da ɗan Pakistan da ɗan Mali. A harabarsa akwai kabarin da mutanen wurin suke cewa na Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne. Za ka ji 'yan'uwanmu na faɗar haka da yaƙini, amma abin da malaman tarihinmu suka rubuta shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Ka je ka yi sallarka, ka yi wa mamatan Musulmi addu'a, ka bar gardama. Liman Bahanafe ne, kada ganin ɗan bambanci ya dame ka.

Ka tambayi yadda suke ɗaukar baƙar fata, ko da ba ka faɗa a fili ba. A kasuwa kuɗinka ake gani, kuma akwai waɗanda muka shekara goma muna hulɗa ba su taɓa cin amanata ba. A waje kuma za a kalle ka, wani ya ɗauki hotonka ba izini, wani ya ƙi zama kusa da kai a jirgi, wani mai tasi ya wuce ka. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal a garin nan, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Chaina a Abuja ya nuna masa bidiyon. Wannan ya faru, ba a manta ba. Sata da ƙwace kuwa ba su dame ni ba ko sau ɗaya. Kyamara ce a kowace kusurwa, ƙarfe ɗayan dare za ka ga yarinya ita kaɗai tana tafiya da waya a hannu.

Takarda ce ba sa wasa da ita. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, don ana tsayar da mutane a Xiaobei a duba. Doka ta ce a yi rajistar masaukinka cikin awa 24. Otal zai yi maka, amma in a gidan wani ka sauka sai kun je ofishin 'yan sanda. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa tarar yuwan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, kuma ana iya tsare shi, a hana shi dawowa. Babu "ranka ya daɗe, a yi haƙuri" a wannan wurin. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya rantse maka da abin da ya fi ƙarfinsa. Hukuncin ƙwaya a Chaina yana kaiwa ga kisa.

Wata yamma ka ajiye lissafi ka je bakin Kogin Lu'ulu'u. Hasumiyar Kanton, mai tsawon mita 600, tana canza launi a tsallake, tsofaffin mata sun kunna kiɗa suna rawa a fili su hamsin, ba mai kallonsu. In a Maris ka je, za ka ga wata bishiya ba ganye sai jajayen furanni manya suna faɗowa tim a ƙasa, tsofaffi na tsincewa su shanya don dafawa. Ita ce furen garin. Na daɗe ina kallonta kafin in gane 'yar'uwar gurjiyarmu ce.

Game da lokacin tafiya, ka duba abu biyu. Babban bajekolin Kanton, wanda ake yi tun 1957, yana ci sau biyu a shekara a unguwar Pazhou, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Yana da kyau ka gan shi sau ɗaya, amma kuɗin otal yana ninkawa, kuma yawancin masu baje kaya masu cika kwantena suke nema. Na biyu shi ne sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa ma'aikata su tafi ƙauyukansu, wasu sai bayan wata guda aiki ke komawa daidai. A 2026 ta faɗo 17 ga Fabrairu, daf da kamawar azumi. In kayan Sallah kake nufi, ka ƙirga baya: kwanakin da masaƙa za ta ɗauka, da wata ɗaya da rabi zuwa biyu a teku kafin Legas ko Kwatano, da abin da kwastan da hanya za su ci kafin mota ta tsaya a Kwari. Ka rubuto mini ranar da za ka tashi da irin yadin da kake nema, sai in gaya maka ginin da za ka fara shiga a Zhongda.